Bashin Katin Banki: Lissafin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Yi Kafin Ranar Biya

MINNA: Tun daga ƙarancin takardun Naira da aka yi fama da shi a farkon shekarar 2023, ciniki da kati ya zama ruwan dare a shagunan unguwar Sabon Gari ta Minna, kamar yadda ya zama a Kasuwar Kure da sauran kasuwannin Jihar Neja. Wanda a da ba ya sakin kaya sai ya ƙirga kuɗi a hannunsa, yanzu na'urar POS ce a kan teburinsa. Sai dai katunan da ake zura wa wannan na'ura iri biyu ne, ko da yake kamanninsu ɗaya, kuma rashin bambance su na iya cinye ribar shago ba tare da mai shi ya san ta inda ta zurare ba.

Na farko shi ne katin cirar kuɗi, wanda akasarin jama'a ke riƙe da shi. Abin da mutum ya kashe da shi nasa ne, daga asusun ajiyarsa ake cirewa, in babu kuɗi a ciki kuwa na'ura ta ƙi karɓa. Na biyu shi ne katin bashi. Wannan kuɗin banki ne mutum yake kashewa, har zuwa wata iyaka da aka yanka masa, bisa alkawarin zai mayar. A Nijeriya bankuna sun fi ba da shi ga mai albashin da ke shiga asusunsa a wurinsu, ko ga wanda ya ajiye wasu kuɗi a matsayin jingina. Minna kuwa gari ne na ma'aikata tun da ta zama babban birnin jiha a 1976, kuma ba sabon abu ba ne a ga ma'aikacin gwamnati yana da shago da matarsa ko ƙaninsa ke tsarewa. Irin wannan mutum shi ne ya fi samun katin cikin sauƙi, shi ne kuma ya fi shiga haɗarin cakuɗa cefanen gida da jarin shago a kansa.

Asalin katin daga Amurka yake. Kamfanin Diners Club ne ya fito da shi a birnin New York a 1950, amma a lokacin tilas mai kati ya biya dukkan abin da ya ci a ƙarshen wata. A 1958 ne Bank of America ya ƙaddamar da BankAmericard, wanda ya koma Visa a 1976, ya kuma kawo sabon tsarin da ya ba mutum damar biyan wani ɓangare ya ɗage sauran zuwa watan gaba da kuɗin ruwa. Daga wannan ɗagewa ne bankuna ke samun babban rabonsu. A shekarar 2023 bashin da Amurkawa suka tara a katunansu ya haye Dala tiriliyan ɗaya, kamar yadda reshen New York na babban bankin ƙasar ya bayyana.

Yadda kuɗin ruwan yake taruwa

Kowane wata banki yakan rufe lissafin katin a rana tsayayya, ya aiko da takardar bayani mai ɗauke da adadi biyu da rana guda: jimillar abin da ake bin mutum, da mafi ƙarancin abin da za a karɓa daga gare shi, da ranar ƙarshe ta biya. Wanda ya biya jimillar duka kafin wannan rana, a galibin katuna ba a ɗora masa kuɗin ruwa a kan sayayyar da ya yi. Ya yi amfani da kuɗin banki na 'yan makonni ke nan kyauta, ban da kuɗin hidimar katin. Amfanin katin bashi ga ɗan kasuwa a nan ya fara, kuma a nan ya ƙare.

Wanda ya biya mafi ƙaranci kawai bai saɓa alkawari ba, ba kuma za a ci shi tara ba, amma daga ranar ya zama abokin cinikin da banki ya fi so. Alal misali, a ɗauka wani mai shagon kayan masarufi a Sabon Gari ana bin sa Naira 500,000 a kati, kuma a ƙaddara kuɗin ruwan kashi 3 cikin 100 ne a wata. Wannan adadi na misali ne. Kowa ya duba nasa a takardar yarjejeniyarsa. Ruwan watan farko Naira 15,000 ne. Idan Naira 20,000 yake biya duk wata, to Naira 5,000 ce kaɗai ta taɓa uwar kuɗin, sauran duk ruwa ya sha. A haka sai ya yi wata 47, watau kusan shekara huɗu, kafin ya rabu da bashin, kuma jimillar abin da zai biya ta kai wajen Naira 938,000. Da zai daure ya riƙa ba da Naira 30,000, da wata 24 sun ishe shi, jimilla kuma ta sauko wajen Naira 703,000. In kuwa ya kai Naira 50,000 a wata, cikin shekara ɗaya da 'yan kwanaki ya gama, ruwan da ya biya bai wuce Naira 104,000 ba. Duk wannan bisa sharaɗin cewa bai sake sayen ko allura da katin ba.

Ƙarin Naira 10,000 a wata, daga 20,000 zuwa 30,000, ya rage masa kusan shekara biyu da sama da Naira 230,000. Dalili shi ne duk abin da ya haura kuɗin ruwa kai tsaye yake sauka a kan uwar kuɗi, ruwan watan gaba kuma a kan abin da ya rage ake lissafa shi. Saboda muhimmancin wannan lissafi ne majalisar dokokin Amurka ta yi doka a 2009, wadda ta tilasta wa bankuna su rubuta a takardar kowane wata tsawon lokacin da mutum zai ɗauka idan mafi ƙaranci kaɗai yake biya. Ɗan kasuwar Minna ba sai ya jira an rubuta masa ba. Biro da bayan littafin ciniki sun wadatar.

Har ila yau, kalmar "kashi 3" tana da daɗin ji a kunne domin a wata aka faɗe ta. In aka bar ruwan yana hawa kan ruwa har wata 12, ya zarce kashi 42 cikin 100. Ba abin mamaki ba ne rance ya yi tsada a ƙasar da Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a watan Nuwamba na 2024, kafin ya rage shi zuwa kashi 27 a watan Satumba na 2025. Bashin kati, da yake yawancinsa ba shi da jinginar ƙasa ko gida, galibi a saman wannan ma'auni yake zama.

Sari da kuɗin kati

Tambayar da ɗan kasuwa zai yi wa kansa kafin ya sari kaya da kati ita ce: kwana nawa kayan za su yi kafin su koma kuɗi? Idan ya ɗauko kayan Naira 500,000 da yake sa ran ribar kashi 10 a kansu, watau Naira 50,000, ya kuma sayar ya biya banki kafin ranar ƙarshe, ribar tasa ce cif. Idan kayan suka yi wata uku a kan kanta, ruwan da ya taru a misalin da ya gabata ya haura Naira 46,000. Abin da ya rage masa bai kai Naira 4,000 ba, ga kuɗin mota, ga ɗan dako, ga hayar shago. Ya yi wa banki talla ke nan na wata uku.

Wannan ne ya sa katin zai iya dacewa da mai sukari da man gyaɗa da sabulu, waɗanda ke fita kullum, amma bai dace ko kusa ba da mai sayen doya a Paiko ko Gwada, ko shinkafa a yankin Bida, domin ya ajiye har farashi ya tashi. Kayan ajiya jari mai haƙuri suke so, kuɗin kati kuwa ba shi da haƙuri. Haka nan mai ba abokan ciniki kaya bashi har ƙarshen wata ya tuna cewa su ba ruwa suke biyan sa ba, alhali shi ana lissafa masa kowace rana.

Mafi muni shi ne cirar tsabar kuɗi da katin bashi. A bisa al'adar katunan, wannan ba shi da kwanakin rangwame: daga ranar da aka cira ruwa yake fara hawa, ga kuma ladan cirewa daban.

Akwai kuma masu katin da ake lissafa bashinsa da Dala, galibi masu odar kaya daga waje. Kafin a saki farashin Naira a watan Yuni na 2023, Dala ɗaya a hukumance ba ta kai Naira 500 ba. Zuwa watan Fabrairu na 2024 ta kai wajen Naira 1,500. Wanda ya bar bashin Dala 1,000 a katinsa tsakanin waɗannan watanni, da Naira yake ciniki, ya wayi gari bashinsa ya ninka sau uku tun ba a zo maganar ruwa ba.

Ba a gudun bashin banki yanzu

A da mutum kan ci bashi a wannan banki ya koma wancan ya buɗe sabon asusu. Wannan ƙofa ta rufe. Lambar BVN, wadda aka ƙaddamar a watan Fabrairu na 2014, ta ɗaure dukkan asusun mutum da sunansa da zanen yatsunsa. Daga ran 1 ga watan Agusta na 2020 kuma, tsarin da Babban Banki ya kira GSI ya fara aiki, wanda ya ba bankin da ke bin bashi ikon ɗebo uwar kuɗinsa da ruwanta daga asusun mutum na wasu bankuna, muddin ya sa hannu a kan wannan izini lokacin karɓar rancen. Mutane da yawa sukan sa hannu ba su karanta ba. Ga mai shago, ma'anarsa ita ce kuɗin da ya tara domin sari na iya raguwa a daren da zai tafi Kano ko Anacha.

Bugu da ƙari, dokar bayar da rahoton bashi ta 2017 ta ƙarfafa kamfanonin da ke adana tarihin masu cin bashi, watau CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Jinkirin biyan Naira dubu ɗari a kati yana iya hana mutum rancen miliyoyi na faɗaɗa kasuwa bayan shekaru.

Hanyar fita

Matakin farko ba ya bukatar ko kwabo: a daina amfani da katin. Ba a yashe rijiya ana zuba mata ƙasa. Sa'an nan mutum ya zauna ya rubuta duk abin da ake bin sa, da na kati, da na manhajar waya, da na dila, da na ɗan'uwa, kowanne da ruwansa a wata da ranar biyansa. Yawancin masu bashi sun san adadin a zuci, amma ba su taɓa yarda sun gan shi a rubuce wuri ɗaya ba.

Daga nan sai a biya mafi ƙaranci a kan kowanne domin kauce wa tara, duk rarar da ta samu kuma a tattara ta kan bashin da ya fi tsadar ruwa har ya mutu, kana a juya kuɗin da ake ba shi zuwa na biye. Wasu masana sun fi son a fara da mafi ƙanƙantar bashi, domin ganin an kashe ɗaya yana ƙara wa mutum ƙarfin gwiwa. Wannan yana da amfaninsa ga mai raunin zuciya, amma ta fuskar lissafi, wanda ɗan kasuwa ya fi kowa sani, fara wa da mai tsada ne ya fi rage asara. Kuma ba dole ne a jira ƙarshen wata ba: mai shago da kuɗi ke shigo masa kullum zai iya zubawa duk mako, tun da a kan abin da ya rage ake ɗora ruwa.

Ina rarar za ta fito? Kayan da suka kwanta a shago, gara a karya farashinsu a sayar ko da a kan uwar kuɗi, domin zamansu yana cin kashi 3 duk wata. Kwasar adashe, wadda ba ruwa a kanta, ba ta da wurin zuwa da ya fi wannan. Wanda kuma ya ajiye kuɗi a banki a matsayin jinginar katin, ya gwada ribar da ajiyar take kawo masa da ruwan da katin ke ci. In na biyun ya fi, kuma galibi ya fi, to ya nemi a biya bashin daga ajiyar a rufe lissafi.

Abin da ba ya magani shi ne cin sabon bashi mai tsada domin biyan tsoho. Manhajojin rance na waya, masu wa'adin mako ɗaya ko biyu, sun yi ƙaurin suna wajen aika wa dangi da abokan mai bashi saƙonnin tozarci, abin da ya kai Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya ga kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022. Ga ɗan kasuwa, wanda mutuncinsa ne rabin jarinsa, irin wannan saƙo ya fi ruwan tsada. Abin da ya fi shi ne ya je bankinsa tun kafin ya gaza biya, ya nemi a mayar masa da bashin katin rance mai tsayayyen wa'adi da ƙayyadadden biya, a kuma ba shi sharuɗɗan a rubuce. Banki ya fi sauraron wanda ya zo da ƙafarsa a kan wanda aka nemo. In ya ga an cire masa abin da bai fahimta ba, ya rubuta koke ga bankin ya karɓi shaida. Idan ba a warware ba, sai ya kai ga sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

Masu gudun kuɗin ruwa saboda addini, kuma suna da yawa a Minna, suna da wata hanyar sari. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus kuma a 2021, kuma a tsarin murabaha banki ne yake sayen kayan ya sayar wa ɗan kasuwa a kan farashin da aka yanke tun farko, wanda ba ya hawa da wucewar watanni. Shi ma bashi ne, tilas a biya, amma mutum ya san ƙarshensa tun ranar da ya sa hannu.

Ranar da aka biya Naira ta ƙarshe, saura aiki biyu. Na ɗaya, a karɓi takardar shaidar cewa banki ba ya bin komai, a kuma nemi ko dai a rufe katin, ko a rage iyakarsa zuwa abin da cinikin mako biyu zai iya biya. Na biyu, bayan wata ɗaya ko biyu a nemi rahoto daga ɗaya daga cikin kamfanonin adana tarihin bashi, wanda doka ta ba kowa damar karɓa kyauta sau ɗaya a shekara, domin a tabbatar an rubuta cewa an biya. In ba a rubuta ba, takardar shaidar nan ita za a kai musu su gyara.