Kafin ku sayi ƙaramar kyamara, ku ji abin da katin jabu da ɗan koyo suka yi wa wani gida

Ƙananan kyamarorin aljihu da muka ɗauka waya ta kashe musu kasuwa sun dawo. Canon IXUS, Sony Cyber-shot, Nikon Coolpix, duk ga su a hannun samari da 'yan mata, musamman ɗaliban Kongo da na FCE, saboda sun gani a TikTok cewa hotonsu yana da wani launi na daban. Ni da nake sana'ar hoto a nan Tudun Wadar Zariya ban ƙi hakan ba. Sai dai a san abin da ake saye. Kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori fiye da miliyan 120 a 2010, amma a 2020 ba su kai miliyan 10 ba, Casio ma tun 2018 ta daina yin irin waɗannan. Ke nan kusan duk wadda ka gani a kasuwa ta hannu ce, ta yi shekara 10 ko 15 a duniya, kuma mai sayar da ita sau da yawa bai fi ka saninta ba.

Wata yarinya ce ta zo shagona tare da mahaifiyarta, ita ce dalilin wannan rubutu. An yi bikin yayarta. Gidansu gidan malamai ne, namiji ba ya shiga, don haka mai hoto iyakarsa ƙofar gida wurin ɗaurin aure. Yarinyar ta yi tunani mai kyau. Ta kwashi adashinta ta sayi Canon ta hannu a wurin wani mai talla a WhatsApp, don ta ɗauki sa lalle da kamu da yini da kanta, tsakanin mata. Mai sayarwa ya haɗa mata da katin memori mai rubutun 32GB, wai kyauta ce. Kyamarar na duba ta, lafiyarta ƙalau. Katin nan na kyauta shi ne masifar.

Kakarsu ta zo bikin daga ƙauye, wajen Soba. Tsohuwa ce da duk rayuwarta ba ta yarda a ɗauke ta hoto. Ranar sa lalle jikoki suka yi ta lallashinta har ta amince, ta gyara mayafinta, ta zauna a kan tabarma amarya na gefenta. Hoto ɗaya aka samu. Yarinyar ta ci gaba da aikinta har rakiyar amarya, hoto da bidiyo, kuma duk wanda ta ɗauka tana ganin sa a allon kyamara na ɗan lokaci, hankalinta kwance. Ba a daɗe da watsewar biki ba Allah ya yi wa tsohuwa rasuwa.

Bayan sadakar bakwai aka ce a ɗauko hoton Kaka. Yarinyar ta kunna kyamara, ga hoton nan yana nan, ta gan shi da idonta, mahaifiyarta ma ta gani. Amma da ta matsa gaba, hotunan kamu da na yini duk alamar tambaya suke nunawa. Hankalinta ya tashi. Ta zare katin ta kai wa wani mai tura waƙoƙi da finafinai a bakin titi. Shi kuma gwanin, ko minti biyar bai yi yana dubawa ba ya ce bairos ne, sai an yi fomatin, hotunan za su dawo da kansu. Ya yi fomatin. Hotuna ba su dawo ba. Maimakon ya tsaya nan, sai ya loda finafinan Indiya na fassara a kan katin don ya nuna mata wai yanzu yana aiki. Ya kuma karɓi kuɗinsa.

Da suka iso wurina na fara kwafe katin gaba ɗaya, sannan na bi ta kansa da manhajar PhotoRec. Daga baya na gwada shi da manhajar H2testw, bai cika 2GB ba. An yi masa wayo ne ya riƙa faɗa wa kyamara cewa shi 32 ne. Tun da ya cika, duk abin da yarinyar ta ɗauka zubewa yake, kamar mai ɗura ruwa cikin duhu a tulun da ya riga ya cika. Hotunan kamu da yini ba su taɓa zama a katin ba, babu wanda zai dawo da su. Amma na sa lalle, na ranar farko, suna cikin wurin da yake da lafiya. Da katin ya zo hannuna kafin fomatin, kwafe su kawai zan yi. Ko bayan fomatin ɗin ma da na ciro su. Finafinan da ya loda su ne suka hau kansu.

Abin da na iya cirowa bai taka kara ya karya ba: hannayen 'yan mata da lalle, wata tukunya a kan murhu, da hoton Kaka rabi. Ɗankwalinta ya fito, goshinta da idanunta sun fito, daga hanci zuwa ƙasa toka ce fetal. Na juya musu allon kwamfuta. Yarinyar ta ce, "Yaya, don Allah babu wata dabara?" Na ce, "Ƙanwata, abin da aka rubuta wani a kansa ya tafi." Mahaifiyar ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Malam, wanke mana shi a haka." Na wanke musu, ban karɓi ko kwabo ba, kuma har yanzu idan na tuna raina ɓaci yake.

Kati ya nuna matsala, a zare shi a ajiye. Kada a yi fomatin. Kada a ɗauki ko hoto ɗaya a kansa. Kada a kai wa mai tura waƙa.

Ku kuma masu tura waƙoƙi, ku ji tsoron Allah. Ba kowace matsala ce bairos ba. In ba ka san abu ba ka ce ban sani ba, ba za a rage maka daraja ba. Kuna da kwamfuta ɗaya da kowace filasha ta gari take shiga, sannan ku soka katin bikin mutane a ciki. Mu ake kawo wa ɓarnar daga baya, a zo ana mana kallon masu tayar da matacce.

Kati na kyauta ko mai arahar da ta wuce hankali, ku bar shi, araha ba ta ado. Sunan SanDisk a jikin kwali ba shaida ba ce, shi ma buga shi ake yi. Sabon kati a cika shi taf da fayiloli a kwamfuta, a buɗe na farko da na ƙarshe, in duk sun buɗe sannan a sa a kyamara a yi masa fomatin a cikinta, tun kafin ranar buki. Kuma babba ba shi ne mai kyau ba. Kyamarar da aka yi kafin 2006 galibi ba ta karɓar abin da ya wuce 2GB, wadda ta tsaya a SDHC iyakarta 32GB, kai kuma ka sayo 64 ka zo kana cewa kyamara ta lalace. Tsofaffin Sony Memory Stick suke ci, tsofaffin Olympus da Fujifilm kuma xD, ka tambayi kanka inda za ka samo su a PZ kafin ka biya. Ni na fi son kati biyu na 8GB a kan ɗaya na 32.

Akwai kuma waɗansu sababbi marasa suna da ake tallatawa da 48 ko 64 megafiksel da 4K. Kayan wasan yara ne. Tsohuwar Canon mai 10 ta fi su nesa ba kusa ba. Ka duba zum ɗin: in gilashin ba ya fitowa ya koma, galibi hoton kawai ake ja ana yaga shi.

Wurin saye ka kunna ka kashe sau da yawa, ka saurari fitar gilashin. Ka ja zum har ƙarshe ka ɗauki farar takarda, in akwai tabo ƙura ta shiga ciki. Batir da ya kumbura a jefar. A daina cajinsa da cajar nan mai tsinke biyu ta kowane batir.

Hunturun Zariya kuwa shi ne babban mai kashe waɗannan kyamarori. Mutum zai je Hawan Daushe ya tsaya cikin ƙurar dawaki da gilashi a waje tun la'asar, ya dawo ya jefa ta aljihu tare da makulli da goro. Washegari gilashi ya maƙale, sai ya sa babban yatsa ya danna shi da ƙarfi. Haƙoran da ke ciki na roba ne, in sun karye shi ke nan, kayan gyaransu ba a yin su yanzu. Wani har man keken ɗinki yake ɗiga wa. 'Yar jaka mai zif nawa take? Fitilar kyamarar ma ba ta wuce kamar mita 3, kada ka tsaya ƙarshen rumfa kana haska amarya. A saita kwanan wata. Hoton matan mutane kuma ba na sakawa a TikTok ba ne sai da izininsu.

Zan sake faɗa don na san gobe ma wani zai zo: kada a yi fomatin katin da ke da hoton da ake so, ko wa ya ce a yi. Kuma kati ba ma'aji ba ne, ko da na gaske ne. Duk daren da aka tashi daga taro a kwashe hotunan ranar zuwa waya ko kwamfuta, a buɗe su ɗaya bayan ɗaya a tabbatar suna buɗewa, a tura wa wani ɗan'uwa kwafi. Mai shirin biki bayan Sallah, in ka riga ka sayi kyamara da kati, ka kai wa mai hoton unguwarku ya gwada maka su tun yanzu.