ZAUREN WAYA: MAKARANTA KO MAJALISAR HIRA?



Kwanan baya wani matashi ya same ni bayan sallar Isha'i, ya miƙo mini wayarsa yana murna. Ya ce, "Malam, ka ga, zaurukan karatu 12 nake ciki a WhatsApp da Telegram." Na ce, "Madalla. To wane littafi ka sauke?" Ya fara nuna mini littattafan da ya sauke a waya. Na ce, "Ɗana, ba wannan saukar nake nufi ba." Sai ya yi shiru.

'Yan uwa, ba na cikin masu cewa a raba yara da waya. Mun ga amfanin waɗannan zauruka a 2020 da aka rufe makarantu saboda korona, da 2022 da ASUU ta yi yajin aikin wata 8. Ɗalibai sun riƙa bitar tambayoyin JAMB da WAEC tare. Akwai matan aure da suka gyara karatun Alƙur'aninsu ta saƙon murya, suna cikin ɗakunansu. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya ƙara masa yarda, tafiyar wata guda ya yi saboda hadisi ɗaya. Kai kuwa ga shi a aljihunka.

Amma tara karatu daban, yin karatu daban. Makarantar zaure da iyayenmu suka yi, daga Ahalari zuwa Ishmawi, zuwa Iziyya, zuwa Risala, abu 4 ne suka riƙe ta. Ka auna zaurenka da su:

1. Malami sananne. Wa ke koyarwa? A gun wa ya yi karatu? Fatawar da aka turo ba suna ba asali, kada ka ɗauka, kada ka yaɗa.

2. Littafi ɗaya. A fara shi, a bi shi babi-babi har a gama, kafin a ɗauko wani.

3. Lokaci. Zauren da saƙo ke shigowa dare da rana, ba ranar darasi ba ranar bita, hira ake yi.

4. Biyawa. Ɗalibi ya karanta, malami ya gyara. Wanda ba a taɓa yi masa gyara ba, kuskurensa yake haddacewa.

Ku shugabannin zaure, amana ce a wuyanku. Ku hana zagin malamai da musun da ba ya ƙarewa, ku sa ido kan masu kwashe lambobin 'yan mata su bi su ta bayan fage. Ku iyaye, ku tambayi yaranku me aka karanta yau, kamar yadda kuke tambaya in sun dawo daga Islamiyya.

Shi matashin nan, na ce ya zaɓi zaure 2 ya fita daga sauran, ya samu littafin rubutu da biro, ya riƙa zuwa yana biya mini duk Asabar.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya shirya mana zuri'a. Amin.