Darasin Wata: Yadda Shawarar Abuja Take Isowa Gonar Masara

Darasinmu na wannan wata a kan ƙasarmu Nijeriya yake, da matsalolin da ke gabanta. Wani zai ce, ina ruwan manomin Tudun Wada da zancen dala ko rikicin ƙasashen waje? To, a biyo mu sannu a hankali.

Mu fara da man fetur. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai. Tallafi shi ne kuɗin da gwamnati take cikawa domin talaka ya sayi abu da sauƙi. Kafin ranar, litar mai ba ta kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ta wuce 500, a 2024 kuma ta haura 1,000. Hujjar gwamnati ita ce tallafin yana cinye kuɗi masu yawa, kuma ana fitar da man ta ɓarauniyar hanya zuwa maƙwabta. Akwai gaskiya a ciki. Amma mai injin ban ruwa a wajajen Tiga, a ƙasar Bebeji, shi ya fara ji a jikinsa. Haka direban da ke ɗauko buhuna daga Doguwa, ya ratso dajin Falgore, ya ɓullo Kwanar Ɗangora a ƙasar Kiru, ya nufi Dawanau. Kowane buhu sai da kuɗin motarsa ya ƙaru.

A watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dala ɗaya da take kusan naira 460 a hannun gwamnati ta wuce 1,500 a 2024. Manomi ba ya riƙe dala, amma takinsa yana bin dala. Ana yin takin yuriya a nan gida, a Legas da kusa da Fatakwal. Takin kamfa kuwa, wasu kayan haɗinsa daga waje ake sayo su, kamar Maroko da Rasha. Shi ya sa yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a 2022 ya taɓa mu, ko da yake ba mu ji ƙarar bindiga ba.

Nan ne fa gizo yake saƙar. Da abinci ya yi tsada, mutanen birni suka koka. A watan Yuli, 2024 gwamnati ta ce za ta ɗauke harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. A 2025 farashin hatsi ya faɗi sosai. Ma'aikacin da ke awo a Kano ya yi hamdala. Manomin da ya ci bashin taki da tsada, ya biya 'yan ƙwadago, ya sayi maganin feshi, shi kuma ya kai masara kasuwa ya tarar kuɗin buhu ɗaya ba zai sayo masa buhun taki ba. Duka biyun 'yan ƙasa ne, kuma kowa da gaskiyarsa. A ganinmu laifin ba a sauƙin abinci yake ba. Laifin shi ne a sauko da abin da manomi yake sayarwa, a bar abin da yake saye a sama. In ya gaji ya rage gona, baɗi wa zai ciyar da birnin?

Sai batun hulɗa da ƙasashen waje. Ranar 26 ga Yuli, 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Shugaba Bazoum a Nijar. Ƙungiyar ECOWAS ta ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda Shugaba Tinubu yake jagoranta a lokacin, ta saka wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da Nijeriya take ba ta, har aka yi barazanar yaƙi. Nufin shi ne a tsorata duk sojan da ke sha'awar juyin mulki. Mu ma mun ɗanɗana mulkin soja har zuwa 1999, mun san ɗacinsa. Sai dai Maraɗi da Damagaram 'yan'uwanmu ne, akwai auratayya da ciniki tsakaninmu. Dabbobi da wake suna shigowa daga can, hatsinmu yana tafiya. Malamai da sarakuna suka shiga tsakani, majalisar dattawa ta ƙi goyon bayan yaƙi. A watan Maris, 2024 Nijeriya ta buɗe iyakarta. Duk da haka, a Janairu, 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar.

To, su wa suke yanke duk waɗannan shawarwari? Mutanen da aka zaɓa ne. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, sama da mutum miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a kusan miliyan 25 ne kawai. Wato cikin mutum huɗu, wajen uku sun zauna a gida. Wasu da suka fito kuma an ja ra'ayinsu da taliya da sabulu, abin da ba ya kai mako guda a gida.

Akwai kuma abin da ya fi kusa da mu. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. Hukunci daban, cika shi daban. Amma wanda ya iya karatu yana da ikon ya tambayi kansilansa nawa ya shigo, me aka yi da shi.

Aikin aji: malami ya sa kowane ɗalibi ya rubuta kuɗin buhun taki da kuɗin buhun masara na bara da na bana a kasuwar garinsu. A lissafa buhun masara nawa ne yake sayen buhun taki ɗaya. A aiko mana da amsa ta hannun mai kula da azuzuwan yankinku, za mu buga ta a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.