Tsinkewar Jijiyar Gwiwa: Yadda Motsa Jiki Yake Maido da Ƙafa

Ba banza ba Hausawa suke kiran kuzari "ƙarfin gwiwa", karyewar zuciya kuwa "sanyin gwiwa". Da manomi da ɗan dako, da ɗan ƙwallo da ɗan kokawa, da uwargida mai surfe, kowannensu da gwiwarsa yake neman abinci. Saboda haka wannan darasi zai bayyana abin da yake faruwa idan jijiyar gwiwa ta tsinke, da kuma aikin da ya wajaba mai raunin ya yi da kansa kafin ƙafarsa ta koma daidai.

Yadda gwiwa take

Gwiwa ita ce mahaɗar ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri, ƙoƙon gwiwa kuwa yana rufe da ita ta gaba. Manyan jijiyoyi 4 ne suke ɗaure da ƙasusuwan nan biyu. Kada a ɗauke su jijiyoyin jini. Su kamar igiyoyi suke, masu tauri. Biyu suna gefe da gefe, suna hana gwiwa karkacewa ciki ko waje. Sauran biyun suna can tsakiya, sun gitta juna, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, suna hana ƙwauri zamewa.

Ta gaban nan takan tsinke ne idan mutum ya kafe ƙafarsa a ƙasa sa'an nan ya juya jikinsa farat ɗaya, ko ya dira ba daidai ba, ko ya faɗi daga kan babur. Sau da yawa yakan ji wani abu ya yi ƙara a cikin gwiwar, kafin 'yan awoyi ta kumbura, in ya taka sai ya ji tana neman kuɓuce masa. Jijiyar gefe ta wajen ciki takan warke da kanta cikin 'yan makonni idan an tallafe ta da abin ɗauri. Ta gaba kuwa jini kaɗan ne yake kai mata, shi ya sa idan ta tsinke gaba ɗaya da wuya ta haɗe.

Kwana 3 na farko

Ka hutar da ƙafar, ka ɗora ta bisa matashi ta fi ƙirjinka tudu. Ka naɗe ƙanƙara cikin tsumma ka aza a kai minti 15 zuwa 20, bayan kowace awa 2 ko 3. Ka ɗaure da bandeji, amma ba tamau ba. Kada a gasa da ruwan zafi, kada a murza, kada a ja, gama duk waɗannan ƙara kumburi suke yi. Maɗori ya san karaya, amma tsinkakkiyar jijiya ba ta ɗoruwa da kara da tsumma, kuma ɗaure gwiwa makonni ba motsi yakan sandarar da ita.

Lalle ne a je asibiti. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya. Likita yakan gane ta wajen gwada gwiwar da hannu, in da bukata ya sa a ɗauki hoton da ake kira MRI. Akwai asibitocin ƙashi na Tarayya a Dala cikin Kano, da Igbobi a Legas, da Inugu, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen gashin ƙashi. Ko da yake sunan da aka saba ke nan, ainihin aikin ma'aikatan sashen koyar da motsa jiki ne bisa tsari.

Tiyata ko motsa jiki?

Ba kowa ba ne yake bukatar tiyata. A 2010 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasar Suwidin a kan matasa 121 da jijiyar gaba ta tsinke musu. Aka yi wa waɗansu aiki nan da nan, waɗansu kuwa aka fara da motsa jiki. Bayan shekara 2, fiye da rabin kashi na biyu ba su bukaci aiki ba, kuma gwiwoyin kashi biyun ba su bambanta da yawa ba. Likita ne zai yanke shawara bisa ga sana'arka da yadda gwiwar take riƙe ka. Ko an yi aiki ko ba a yi ba, motsa jiki tilas ne, domin tsokar cinya takan fara ramewa cikin 'yan kwanaki, ita ce kuwa mataimakiyar jijiya.

Matakan motsa jiki

Mataki na 1: miƙewa da rage kumburi. Ka zauna a tabarma, ka ɗora diddigenka bisa naɗaɗɗen tawul, ka bar gwiwar ta miƙe sarai. Kada ka riƙa sa matashi ƙarƙashin gwiwar kanta domin jin daɗi, gama takan saba da tanƙwarewa, har mutum ya dawwama yana ɗingishi. Sa'an nan ka ɗaure tsokar gaban cinya, ka danna bayan gwiwa ƙasa, ka ƙirga 5, ka saki, sau 10. Daga nan ka jawo diddige wajen ƙugu a hankali, ka mayar.

Mataki na 2: tafiya da ƙarfi. Idan gwiwa ta miƙe, ka kuma iya ɗaga ƙafar a miƙe ba ta lanƙwashe ba, sai ma'aikaci ya koya maka barin sandunan dogarawa. A nan ake shiga tashi da zama daga kujera, da hawan matakala ɗaya, da tuƙa keken da yake kafe wuri guda, da ƙarfafa tsokar bayan cinya da ta ƙugu.

Mataki na 3: daidaito. Jijiya ba ɗauri kaɗai take yi ba, tana kuma sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙafa take. Idan ta tsinke wannan saƙo yakan raunana, sai an sake koya wa jiki ta wajen tsayawa da ƙafa ɗaya kusa da bango, daga baya a kan katifa.

Mataki na 4: gudu, da tsalle, da juyi. Ba a shiga wannan sai da izinin ma'aikaci. Haka kuma dogon tsugunno da durƙuso, ko a gona ko a wurin ibada, a koma musu sannu sannu.

Ba kwanan wata ne yake ɗaga mutum daga mataki zuwa mataki ba, halin gwiwar ne. Idan ta kwana ta ƙara kumbura, an yi mata yawa, sai a rage.

Haɗarin gaggawa

Ciwo yakan tafi tun jijiya ba ta yi ƙwari ba, nan ne kuwa mutane da yawa suke ruɗuwa. Wani bincike na 2016 a kan 'yan wasa a Norway ya nuna cewa waɗanda suka koma fili kafin wata 9 bayan tiyata sun fi sake jin rauni. Ma'aunin da ake bi shi ne ƙarfin cinyar ya kai kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar ƙafa. Wanda ya yi gaggawa yana iya yage guringuntsin gwiwa, ya jawo wa kansa ciwon gaɓa tun yana da sauran ƙuruciya.

A koma asibiti nan take idan sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi ya zo, ko wurin ɗinki yana ruwa, ko gwiwar ta kulle ta ƙi miƙewa.

Ya kai mai karatu, ma'aikaci zai gan ka sau ɗaya ko biyu a mako, sauran kwanakin kuwa gwiwarka tana hannunka. Ka tsai da lokaci safe da yamma, ka sa wani na gida ya riƙa ƙirga maka. Sannu ba ta hana zuwa.