Idan Ciki Ya Wuce Watansa: Darasi Kan Haƙuri da Riƙon Sababi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƴan'uwa, a hutun da ya wuce na koma gida daga jami'a, na tarar da yayata cikinta ya haura lokacin da aka ɗiba mata wajen awo. Ƙafafu sun kumbura, baya da ƙugu na ciwo, barci ya gagara. Amma abin da ya fi ci mata rai shi ne tambayar masu shigowa: "Har yanzu ba ki sauka ba?" Wata rana na ji tana kuka, tana cewa ko ƙarancin imani ne ya sa ta kasa daurewa. Wannan ne dalilin darasinmu na yau.

Na farko, ƙuncin da take ji ba raunin imani ba ne. A Suratu Maryam, aya ta 23, Allah ya ba mu labarin Nana Maryam lokacin da naƙuda ta kai ta gindin dabino, har ta yi burin a ce ta mutu kafin wannan rana. Ba a zarge ta ba. An lallashe ta, an nuna mata ruwa da ɗanyen dabino, an kuma umarce ta da ta girgiza itacen da hannunta. A nan akwai tausayi, akwai kuma riƙon sababi. Suratur Ra'ad, aya ta 8, ta karantar da mu cewa Allah ne masanin abin da mahaifa ke ragewa da abin da take ƙarawa. Saboda haka jinkirin ba laifin uwa ba ne.

Na biyu, sai mu san lissafi. Likitoci suna ƙirga sati 40, wato kwana 280, daga ranar farko ta hailar ƙarshe, kuma mata kaɗan ne ke haihuwa daidai ranar da aka sa musu. Idan ciki ya kai sati 41, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a tayar da naƙuda a asibiti. Dalili kuwa, in aka wuce sati 42, mabiyya tana iya gajiya da ciyar da jariri, ruwan da yake kwance a ciki ya ragu, ko ya yi girman da zai wahalar da haihuwa. In motsin jariri ya ragu, ko jini ya zubo, ko faya ta fashe, ko ciwon kai mai tsanani ya zo da dishi-dishin gani, ba a jiran gari ya waye.

Wani zai ce, ai malamanmu na Malikiyya sun ambaci cewa ciki yana iya kai shekara 4 ko 5, mu ma muna cewa "ciki ya kwanta". Sun faɗi haka ne a babin idda da nasaba, don kare mutuncin mace da asalin ɗa. Ba su ba kowa fatawar ya ajiye mai ciki a ɗaki ba. Shehunanmu sun koya mana cewa tawakkali aikin zuciya ne, sababi kuwa aikin gaɓɓai ne, ɗaya ba ya kore ɗaya.

Na uku, ke ƴar'uwa, addini bai ɗora miki abin da ya fi ƙarfinki ba. In tsayuwa ta gagara ki yi salla a zaune, in zama ya gagara ki kishingiɗa. Ki riƙe istigfari da salatin Annabi gwargwadon iko, abin da ya shige miki duhu na wuridi ki tambayi muƙaddami. Kada ki sha jiƙon gaggauta naƙuda ba da sanin unguwarzoma ba.

Kai kuma maigida, zikirinka a wannan lokaci ya haɗa da tanadin kuɗin mota, da raka ta awo, da tare mata masu yawan tambaya. Ka saurare ta in tana kuka, kada ka rufe mata baki da "ki yi haƙuri" kawai.

Yayata dai an kai ta, an tayar mata da naƙuda, ta sauka lafiya, alhamdu lillahi. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da suka haifa bisa son Annabi (SAW). Amin.