Mai gadin injin wuta

A Kainji, cikin Nijeriya, an datse kogin Kwara a shekarar 1968. Ruwan madatsar yana zubowa da ƙarfi, yana juya manyan injuna masu ba da wutar lantarki. A 1976 aka jawo waya daga Birnin Kabi, wutar ta iso Yamai.

Wani lokaci iska takan kayar da turke, wayoyi biyu su haɗu. Sai wuta ta kwararo fiye da kima, wayoyin tagulla na cikin inji su yi zafi. In aka yi sakaci, inji ya ƙone, garuruwa su daɗe cikin duhu.

Don haka kowane inji yana da mai gadi, wata ƙaramar na'ura da ake kira rele. Aikinta auna wutar da ke fita. Ma'aikata sukan daidaita mata abu biyu: iyakar wuta da lokacin jira. In wuta ta ɗara iyaka kaɗan, sai ta jira. In ta ɗara da yawa, sai ta sa babban makunni ya yanke da sauri.

Jiran yana da dalili. A kan hanyar waya ma akwai wasu rele. Wadda ta fi kusa da ɓarna ita ke fara yankewa, don sauran garuruwa su ci gaba da samun wuta. In ta kasa, sai ta inji ta yanke.

Tambayoyi
1. Waɗanne abubuwa biyu ake daidaita wa rele?
2. Me zai faru in lokacin jira ya yi tsawo ƙwarai?