Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Neman Aiki da Canjin Sana'a ga Ma'aikacin da Ya Manyanta

Gabatarwa

A ranar 12 ga Disamba, 1991, Gwamnatin Tarayya ta ƙaura daga Legas zuwa Abuja, shekara 15 bayan Dokar Soja mai lamba 6 ta 1976, wadda ta kafa sabon Babban Birnin Tarayya a zamanin Janar Murtala Muhammad. Samari da 'yan matan da aka ɗauka aiki a shekarar da aka yi wannan ƙaura su ne ke cika shekara 35 a bakin aiki a 2026. Bisa ga ƙa'idar aikin gwamnati kuwa, ma'aikaci yakan yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Watau wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 20 zai ajiye shi yana da 55, da sauran ƙarfinsa, da 'ya'ya a makaranta, ga kuma 'yan uwa a ƙauye suna duban hannunsa.

Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa irin wannan ma'aikaci, namiji ko mace, yadda zai sami aiki na biyu wanda zai riƙe gidansa, ya kuma amfani jama'a. Gundarin maganar shi ne: aiki na biyu tun ana kan kujerar aiki na farko ake shirya shi, kuma a kan abin da mutum ya sani ake gina shi.

1. Abin da ke sa dattijo neman aiki

Ba ritaya kaɗai ke raba mutum da kujerarsa ba. A 1975 an sallami ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000 cikin 'yan watanni. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya jawo rage ma'aikata a masana'antu da ofisoshi. Kamfanin jiragen sama na ƙasa, Nigeria Airways, ya daina aiki a 2003, sa'an nan a Nuwamban 2013 aka miƙa kamfanonin wutar lantarki ga 'yan kasuwa. A kowane karo magidanta masu yawa sun wayi gari ba ofishin da za su je.

Dalili na biyu shi ne tsadar rayuwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota daga Kubwa, ko Nyanya, ko Mararaba zuwa tsakiyar birni ya ninka, farashin abinci ma ya bi sahu. Fanshon da aka ƙiyasta zai isa jiya, yau da ƙyar yake kai tsakiyar wata.

Dalili na uku ya shafi zuciya. Mutumin da ya shekara 30 yana fita da sassafe, ana neman shawararsa, ana jiran sa hannunsa, idan ya koma zaman ƙofar gida ba abin yi, sau da yawa jikinsa yakan yi sanyi. Dattawa da dama ba kuɗi kaɗai suke nema ba, suna so su ga cewa har yanzu ana bukatarsu.

2. Neman dattijo dabam yake da na saurayi

Tilas a faɗi gaskiya: kasuwar aiki ba ta cika yi wa mai furfura maraba ba. Tallace-tallacen ɗaukar ma'aikata sukan ƙayyade shekaru, har wanda ya haura 35 ya ga an rufe masa ƙofa tun kafin a dubi takardunsa. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, ko asali, ko jinsi, ko addini, ko ra'ayin siyasa, amma bai ambaci shekaru ba. Wasu ƙasashe sun yi doka a kan wannan. A Amurka dokar 1967 ta hana a ƙi ɗaukar mutum aiki don ya kai shekara 40 ko fiye. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ita ma, cikin shawararta mai lamba 162 ta 1980, ta nemi ƙasashe su kare tsofaffin ma'aikata. A nan gida, dokar 2022 ta ɗaga lokacin ritayar malaman makaranta zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, domin kada ajujuwa su yi asarar gogaggun malamai.

Saboda haka dattijon da ya shiga layi ɗaya da 'yan makarantar da suka gama bautar ƙasa ya zaɓi fagen da ba nasa ba. Jarinsa iri uku ne: sanin aiki, da amanar da aka shaide shi da ita, da mutanen da ya yi hulɗa da su. Yawancin ayyukan da suka dace da shi ba a buga su a jarida. Ta bakin tsohon abokin aiki, ko ƙungiyar masu sana'a, ko shugabannin unguwa ake jin labarinsu. Wanda ya ɓoye cewa yana neman abin yi don jin kunya, ya toshe wa kansa babbar hanya.

3. Ba a fafe gora ranar tafiya

Ya kamata ma'aikaci ya soma shiri tun da sauran shekara biyar ya bar aiki. Amma a lura da doka. Jadawali na Biyar na Tsarin Mulki ya hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci na kansa, sai dai ya ba shi damar yin noma. Ke nan wanda ke sha'awar gona ko kiwo yana iya gwada hannunsa a Kwali, ko Kuje, ko Abaji, ko Gwagwalada tun albashi na shigowa, ya ga damina biyu ko uku, ya san ribar doya da masara, ya san asararsu, ya kuma bincika lafiyar hanya da zaman lafiyar yankin kafin ya zuba dukiya.

Neman ilmi ma doka ba ta hana shi ba. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1983 aka kuma farfaɗo da ita a 2002, tana da hedkwata a Jabi, kuma an tsara karatunta domin masu aiki da magidanta. Cif Olusegun Obasanjo ya yi karatu a cikinta bayan ya sauka daga mulki a 2007, aka ba shi digirin digirgir a farkon 2018 yana da shekara 80. Gemu dai ba ya hana ilmi. Direba, ko mai gyaran lantarki, ko kafinta da ya ƙware amma ba shi da takarda, yana iya zama gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ya sami shaidar da masu ba da kwangila ke nema. Haka kuma lalle ne kowa ya iya aika saƙo da takardu ta waya ko kwamfuta, gama yanzu ta intanet ake yin rajistar kasuwanci da tantance 'yan fansho.

Akwai kuma maganar mazauni. Tun da aka mai da alawus na gida kuɗi a 2003, aka sayar da gidajen gwamnati na Abuja daga 2005, ma'aikata da yawa haya suke biya. Wajibi ne iyali su zauna su yanke shawara da wuri: a ci gaba da zama a birnin, inda haya ke da tsada amma masu saye ke da yawa, ko a koma gida, inda rayuwa ke da sauƙi amma an daɗe ba a zauna ba.

4. Yadda ake zaɓen aikin

Kafin mutum ya tsai da shawara, ya amsa wa kansa tambayoyi uku. Me ya iya wanda zai yi ba tare da an tsaya a kansa ba? Wa ke bukatar wannan abu kusa da inda yake zaune? Jikinsa zai ɗauki aikin nan da shekara goma?

Alal misali, tsohon akanta zai iya riƙe wa 'yan kasuwar Wuse, ko Utako, ko Dei-Dei littattafan lissafi, ya shirya musu takardun haraji, ko ya zama ma'ajin ƙungiyar gama kai. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ko unguwarzoma, muddin lasisinta na da rai, asibitocin garuruwan gefen birni suna bukatarta. Tsohon malami zai iya koyarwa a makarantar unguwa, ko ya buɗe ajin yaƙi da jahilci na manya. Tsohon ma'aikacin gona zai iya zama mai ba ƙungiyar manoma shawara a kan iri da taki da ajiyar hatsi. Ba dole ne a sami kujera mai girman ta da ba. Darakta da ya ƙi ƙaramin aiki don gudun abin da mutane za su ce, yakan ƙare da cin uwar kuɗinsa.

5. Tattalin kuɗin fansho

Dokar Gyaran Fansho ta 2004, wadda aka sake ta a 2014, ta kawo tsarin taro da sisi: mai ɗaukar aiki yana zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kuma kashi 8, a cikin asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin. Hukumar Fansho ta Ƙasa, watau PenCom, ita ke sa ido a kan kamfanonin da ke juya kuɗin. Asusun yana bin mai shi duk inda ya koma aiki. Wanda ya rasa aiki kafin ya cika shekara 50, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, yana da ikon cire abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 ba. Mai ritaya kuwa ana iya ba shi wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa biyansa wata-wata ko bayan wata uku-uku.

Wannan kuɗi na dunƙule shi ne inda mutane da yawa ke tuntuɓe. Bai kamata a zuba shi duka cikin sana'ar da ba a taɓa yi ba. A fara ware na abinci da magani da makarantar yara na shekara guda. Sa'an nan a soma da kaɗan: wanda bai taɓa kiwon kaji ba ya gwada da 100 kafin ya yi maganar 2,000, kuma ya fara zama da wanda ya daɗe a sana'ar ya koya.

6. Inda za a nemi taimako

Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, watau NDE, an kafa ta a 1986, ta fara aiki a 1987, kuma tun cikin shirye-shiryenta na farko ta tanadi na musamman domin waɗanda suka yi ritaya ko aka rage su daga aiki. Tana da ofishi a kowace jiha da Abuja. Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, wanda aka kafa a 1971 mai hedkwata a Jos, yana koyar da sana'o'in hannu. Hukumar SMEDAN, ta dokar 2003, tana horar da masu ƙananan sana'o'i. Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ita ke yi wa sunan kasuwanci rajista, wanda sai da shi banki ke buɗe asusun kasuwanci. Akwai kuma Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda dokar 2017 ta kafa, ta soma aiki a 2021. Ana shawartar mai bukata ya je ofis da ƙafarsa, ya tambayi shirin da ke gudana a lokacin da sharuɗɗansa.

7. Tarkunan da za a guje wa

Macuta sun san lokacin da ake biyan 'yan fansho. Na farkonsu shi ne mai alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Shirin MMM ya tsaya cik a Disamban 2016, na CBEX ya rushe a Afrilun 2025, dukiyar bayin Allah ta salwanta. Kafin a ba kowa kuɗi don juyawa, a bincika ko yana da rajista da Hukumar Kula da Hannayen Jari. Na biyu shi ne mai sayar da takardar ɗaukar aiki ko ta kwangila. Aikin gwamnati ba na sayarwa ba ne, mai saye da mai sayarwa duk sun karya doka. Na uku shi ne dillalin fili. Ƙasar Babban Birnin Tarayya a hannun Gwamnatin Tarayya take, don haka kada a biya ko kwabo sai an tantance takardu a ofishin AGIS. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

8. Aikin da ke barin suna

Lokacin da aka hamɓarar da gwamnatin Janar Yakubu Gowon a ranar 29 ga Yuli, 1975, shekarunsa 40. Ya tafi Jami'ar Warwick a Ingila ya zauna aji da yaran da ya girme wa nesa, har ya sami digirin digirgir. Daga baya ya haɗa kai da Cibiyar Carter, yana shiga ƙauyuka yana roƙon sarakuna da gwamnoni su samar da ruwa mai tsabta domin kawar da ciwon kurkunu. A ƙarshen shekarun 1980 masu kurkunu a Nijeriya sun haura 600,000. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da cutar.

Ba kowa ke da hanyar da tsohon shugaban ƙasa yake da ita ba, amma kowace unguwa tana da nata kurkunun: matan da ba su iya karatu ba, matasan da ba su da sana'a, ƙungiyar da ta rasa mai riƙe mata lissafi, maƙwabtan da ke bukatar mai sulhu. Dattijon da ya ɗauki yara biyu ya koya musu abin da ya sani ya sami abin sawa a baki, ya kuma bar gado.

Kammalawa

Ƙasa ta kashe dukiya mai yawa wajen horar da ma'aikatan da ke barin aiki a yau, kuma asara ce babba wannan sani ya tafi tare da su. Ana kira ga masu kamfanoni da ƙungiyoyi su dubi ƙwarewar mai neman aiki kafin su dubi furfurarsa. Ma'aikacin da ke kan kujera kuma ya duba takardar kama aikinsa yau, ya lissafa shekarun da suka rage masa, ya soma shiri.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wace sana'a ce Tsarin Mulki ya yarda ma'aikacin gwamnati ya yi tun yana bakin aiki?
2. Waɗanne sharuɗɗa ne wanda ya rasa aiki kafin shekara 50 zai cika kafin ya taɓa asusun fanshonsa?
3. Wane aiki ne unguwar mai karatu ke bukata wanda tsohon ma'aikaci zai iya yi?